Wa Ya Ɓata Sunan Italiya, Mai Fim Ko Rashin Aikin Yi?

A watan Fabrairun 1952, Giulio Andreotti, wanda a lokacin yake riƙe da harkar silima a ofishin firaministan Italiya, ya ɗauki alƙalami ya yi wa darakta Vittorio De Sica faɗa a cikin mujallar jam'iyyarsu mai mulki, Libertas. Laifin De Sica shi ne fim ɗinsa Umberto D., labarin wani tsohon ma'aikacin gwamnati da kuɗin fanshonsa ba sa isarsa biyan hayar ɗaki. Abin da Andreotti ya ce a taƙaice shi ne, idan duniya ta ɗauka cewa wannan ita ce Italiya ta tsakiyar ƙarni na ashirin, to De Sica ya yi wa ƙasarsa mummunan aiki. Mutane da yawa har gobe suna ganin maganar tana da ƙanshin gaskiya. Ni ina ganin kuskure ce, kuma kuskure mai tsada, domin mai maganar shi ne yake riƙe da makullin asusun da ake ba masu fim rance. Gwamnati tana da damar ta ƙi son fim. Ba ta da damar ta yi amfani da kuɗin jama'a ta sayi shirun masu nuna halin da jama'ar suke ciki.

Wanda zai yi hukunci a wannan gardama sai ya fara da fim ɗin da ya riga Umberto D. nuna talaucin ƙasar, Ladri di biciclette, wato ɓarayin kekuna, wanda De Sica ya fitar a Nuwamban 1948 tare da marubuci Cesare Zavattini. A shekarar, marasa aikin yi a Italiya sun kai kusan miliyan biyu. Yaƙi ya ruguza masana'antu da gadoji, sojoji da fursunonin yaƙi sun dawo gida babu abin yi, sannan a 1947 ministan kasafi Luigi Einaudi ya matse bakin rance a bankuna don ya tsayar da hauhawar farashi. Farashi ya tsaya, amma kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Wannan duk lissafin ofis ne. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin miliyan biyun nan, Antonio Ricci, ya bi shi kwana uku kacal, daga Juma'a zuwa Lahadi.

A ƙofar ofishin samar da aiki na Val Melaina, wata unguwar dogayen gidajen haya a bayan garin Rum, aka kira sunansa. An samo masa aikin liƙa fastoci a bangon birni. Sharaɗi ɗaya ne: sai da keke. Kekensa kuwa yana gidan jingina, ya kai shi don a ci abinci. Nan take wasu a cikin taron suka ɗaga murya cewa su suna da keke, a ba su. Jami'in ya ce musu ku magina ne, rukuninku daban. A cikin minti biyu mai kallo ya ga yadda tsarin yake aiki: ga mai keke babu izinin aikin, ga mai izinin babu keke, ga jami'i kuma yana bin doka daidai, ba wanda za a kama da laifi.

Matarsa Maria, wadda muka fara gani tana ɗauko bokiti biyu na ruwa daga famfon unguwa, ita ta warware matsalar. Ta yaye zannuwan gado, ta wanke, ta haɗa guda shida cikin kayan aurenta ta kai gidan jingina. Aka yi musu kuɗi lira 7,000, ta roƙa aka ƙara zuwa 7,500. A ɗaya tagar Antonio ya fanshi keken a kan 6,100, ɗarin da ke kai kuɗin ruwa ne. Yana jira, sai kyamara ta bi wani ma'aikaci yana hawa kantoci da ƙunshin zannuwan, yana ta hawa har kusa da rufi, ko'ina ƙunshin zannuwan wasu ne. Babu wanda ya yi jawabi. Wannan hoto ɗaya ya isa a gane cewa rabin unguwa a kan katifa tsirara suke kwana.

Lissafin albashin ma an ba mu shi dalla-dalla, a wurin cin abinci, inda Antonio ya sa ɗansa Bruno ya rubuta: lira 12,000 tsayayye a wata, 2,000 na ƙarin lokaci, ga alawus na iyali, jimilla kamar 800 a rana. Wato abin da aka biya aka fanshi keken bai wuce ladan kwana takwas ba. Tsakanin iyalin nan da rufin asiri akwai ladan kwana takwas, kuma babu banki, babu ƙungiya, babu ofishin gwamnati da zai ba su wannan rance sai mai karɓar zanen gado. Duk wanda ya san ɗan acaɓa ko tela a garuruwanmu ya san wannan hali, inda abin sana'ar shi ne aikin kansa, ranar da ya salwanta aikin ya tafi da shi.

Satar ta zo a ranar farko ta aiki. Abokin aiki ya gama koya masa: a shafa gam a bango, a ɗora takarda, a sake shafa gam sama-sama, a lallaɓa da buroshi har tamoji ya fita, domin in sufeto ya ga tamoji tara zai ci mutum. Antonio yana kan tsani yana fama da fastar Rita Hayworth, keken yana jingine a bango. Ɓarayin ba mutum ɗaya ba ne. Ɗaya ya hau ya taka, ɗaya ya tare masa hanya kamar bai gane me ke faruwa ba, aka kuma nuna wa direban motar da ya taimake shi wani mai keke daban a cikin ramin titi. Sana'a ce mai tsari, kuma fim ɗin ya bi tsarinta har kasuwa. A Piazza Vittorio abokinsa Baiocco, mai kwashe shara, ya bayyana cewa ba a sayar da keken sata a haɗe, kwance shi ake yi. Sai suka raba aiki: wani ya duba tayu, wani ya duba firam, Bruno ya duba famfo da ƙararrawa. Shaida ɗaya ce tak za ta yi aiki a gaban hukuma, lambar da aka buga a jikin firam. Sun tarar da wani yana yi wa firam sabon fenti, suka kira ɗan sanda, aka karanta lamba, ba ita ba ce. Taya da sirdi da feda kuwa ba su da lamba, ko Antonio ya taka nasa da ƙafa ba zai iya rantsuwa a kai ba.

A ina tarzomar ƙasar take a cikin fim ɗin? Wannan ita ce tambayar da ke raba masu sharhi. Shekarar 1948 ba shekarar kwanciyar hankali ba ce. A zaɓen 18 ga Afrilu jam'iyyar firaminista Alcide De Gasperi ta kayar da haɗin gwiwar 'yan gurguzu. A ranar 14 ga Yuli wani ɗalibi ya harbi shugaban jam'iyyar kwaminis, Palmiro Togliatti, a kusa da majalisa, ƙasa ta tsaya cik da yajin aikin gama-gari, aka mamaye masana'antu, aka rasa rayuka. Kafin nan, ranar ma'aikata ta 1947, an bindige mutum 11 a Portella della Ginestra ta Sicilia. Bayan nan 'yan sanda sun kashe manoma uku a Melissa ta Calabria a Oktoban 1949 wajen mamaye gonaki, sannan ma'aikata shida a ƙofar wata masana'antar narka ƙarfe a Modena ranar 9 ga Janairun 1950. Babu ko ɗaya irin wannan a cikin fim ɗin. Abin da ke ciki shi ne gefen abin. A ofishin 'yan sanda, jami'in da ya karɓi ƙorafin Antonio hankalinsa yana kan tura jami'ai wajen wani taron siyasa. Ya rubuta lambar keken, ya ce masa ya je ya nema da kansa, in ya gani ya kira ɗan sanda. Ɗan jarida ya tambaya ko akwai labari, aka ce masa babu komai, keke ne kawai. A wani ɗakin ƙasa kuma, mai jawabi yana gaya wa ma'aikata cewa tallafi ba ya maganin komai, manyan ayyukan gwamnati ake buƙata. Antonio ya shigo yana neman abokinsa, aka ce ya yi shiru ana taro.

A ganina nan ne fim ɗin ya fi masu sukarsa sanin abin da yake magana a kai. Rashin aikin yi ba kullum yake fitowa titi da tuta ba. Galibi yana fara cin maƙwabta ne. Taron jama'a ya bayyana sau da yawa a fim ɗin, kuma ba sau ɗaya da ya tsaya wa Antonio: ana turereniya a ofishin aiki, ana turereniya a layin bas. Da ya kama ɓarawon a unguwarsu, maza suka fito suka kewaye shi, ɓarawon ya faɗi yana farfaɗiya, uwarsa tana ihu ta taga. Bruno ya kira jandarma. Aka shiga ɗakin da iyali guda suke kwana a cunkushe, tukunya tana kan wuta, babu keke babu alamarsa. Jandarman ya yi masa bayani ba tare da mugunta ba: ba ka da shaida, duk mutanen nan za su rantse yana gida, in ba ka kama shi da kaya a hannu ba babu abin da za a yi. Ɓarawon bai fi Antonio komai ba, wataƙila ma ya fi shi talauci. Daga nan zuwa bakin filin ƙwallo, inda ɗaruruwan kekunan 'yan kallo suke jere, tafiyar ba ta da nisa. Antonio ya sallami Bruno, ya ɗauki keken wani a wani lungu, aka bi shi aka kama, aka mare shi a gaban ɗansa wanda bai samu shiga tarago ba. Mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi.

'Yan hagu ma ba su bar fim ɗin ba. Sergio Amidei, ɗaya daga cikin marubutan da aka fara aikin da su, ya janye, kuma abin da aka fi ambata shi ne bai yarda cewa ma'aikaci zai rasa keke a Rum ta 1948 'yan ƙungiya su kasa samo masa wani ba. Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a share ta ba. Me ya hana Antonio ya ari keke na mako guda, ko ya je wurin shugabansa a ofishin fastoci ya faɗi gaskiya? Fim ɗin bai amsa wannan kai tsaye ba, kuma nan ne ɗinkinsa ya fi rauni. Amma amsar tana cikin ɗakin zannuwan nan. A unguwar da kowa ya jinginar da abin shimfiɗarsa, wanda yake da keke shi ma da shi yake ci. Mutumin da ya yi kwana ɗaya a aiki, ga ɗaruruwa suna jiran gurbinsa, ba zai je ya ce wa ofis sharaɗin da aka ɗauke shi a kai ya faɗi ba. Wanda ya daɗe ba ya aiki har ƙarfin halin roƙo yakan rasa. Shi ya sa Antonio da ya yi wa matarsa dariya don ta kai wa mai duba lira 50, shi da kansa ya ƙare a layin mai dubar.

Kada kuma a ɗauka an ɗora kyamara a titi ne kawai aka bar Allah ya yi ikonsa. Fim ne da aka ƙera da hannu. Ruwan saman da ya tarwatsa kasuwar Porta Portese, 'yan kwana-kwana ne suka zuba shi da tiyo. Kamar yadda aka saba a Italiya a lokacin, an ɗauki hoto ne daga baya aka ɗora murya a situdiyo, abin da ya ba darakta damar yi wa wanda bai taɓa fim ba magana yana cikin wasa. Furodusa David O. Selznick na Amurka ya yi tayin kuɗi in za a sa tauraron fim Cary Grant, De Sica ya ƙi, ya ɗauko Lamberto Maggiorani, ma'aikaci a masana'antar Breda, a matsayin Antonio, da Enzo Staiola, yaron da ya gani cikin 'yan kallo, a matsayin Bruno, da Lianella Carell, 'yar jarida, a matsayin Maria. Dalilin na sana'a ne: fuskar da mai kallo ya sani tana yi masa alkawarin cewa ƙarshe zai yi kyau, kuma tafiyar mai aikin ƙarfi da yadda yake riƙe tsani ba a koyonsu cikin mako biyu. Akwai abin da ya kamata a faɗa a kan masu fim ɗin su ma. Maggiorani ya koma masana'anta, ba a daɗe ba aka sallame shi lokacin rage ma'aikata, ya ƙare yana neman ƙananan fitowa a finafinai. Mai nuna talaucin wani yana da nasa bashin da zai biya, kuma ba kullum ake biya ba.

Yanzu ga yadda gwamnati ta mayar da martani, domin nan ne darasin aikin yake. Ba a haramta fim ɗin ba. An yi abin da ya fi haramtawa tasiri. Dokokin silima na 1949, waɗanda ake kira da sunan Andreotti, sun zo da abubuwa masu kyau a fuska. Duk fim ɗin waje da za a ɗora wa muryar Italiyanci sai an ajiye lira miliyan biyu da rabi, kuɗin su shiga asusun rance na masu shirya fim a bankin Banca Nazionale del Lavoro. An wajabta wa gidajen silima nuna finafinan gida kwana 80 a shekara. Furodusa yana samun kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ƙofa a matsayin tallafi, da ƙarin kashi 8 in wani kwamiti ya ga fim ɗin ya cancanta. A gaskiya wannan ya ceci masana'antar daga ambaliyar finafinan Amurka da suka taru lokacin yaƙi, kuma cikin 'yan shekaru yawan finafinan da ake yi a Italiya ya ninka fiye da sau biyu. Wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba.

Matsalar tana cikin ƙofofin da aka bi da kuɗin. Mai neman rance yakan kai rubutun labarinsa ofishin gwamnati a duba tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Ƙarin kashi 8 yana hannun kwamitin da gwamnati ta naɗa. Takardar izinin nunawa tana hannun ofishin, haka ma izinin fitar da fim waje, wanda ake iya hanawa in an ce fim ɗin yana ɓata sunan ƙasa. To finafinai irin na De Sica a waje suke mayar da kuɗinsu. Furodusa ba wawa ba ne. In ya ga labarin marasa aiki zai iya rasa rance a farko, ya rasa ƙari a tsakiya, ya rasa kasuwar waje a ƙarshe, ba sai an aiko masa da takardar gargaɗi ba. Zai ce wa marubuci a sassauta, a sa soyayya, a sa dariya, a mayar da talaucin ado. A 1953 fim ɗin da ya cika gidajen silima shi ne Pane, amore e fantasia, wasan barkwanci a ƙauyen talakawa masu fara'a, kuma De Sica da kansa ne ya fito a ciki a matsayin jandarma mai son mata. Ba gwamnati kaɗai ta jawo haka ba, 'yan kallo ma sun gaji da ganin wahalarsu a allo, Umberto D. kuwa bai yi kasuwa ba. Amma akwai bambanci tsakanin fim ɗin da jama'a suka ƙi saya da wanda aka hana shi zuwa kasuwar.

Hujjar Andreotti ita ce mutuncin ƙasa. Italiya tana karɓar tallafin Amurka na shirin Marshall, tana neman baƙi masu yawon buɗe ido, tana ƙulla yarjejeniyar tura ma'aikata waje, kamar ta 1946 da Beljiyam inda aka yi musayar leburori da gawayin kwal. Ana iya fahimtar mai mulki da ba ya son a gan shi a tsumma. Sai dai a duba abin da ya faru da sunan ƙasar a zahiri. Fim ɗin kekunan ya karɓi lambar girmamawa ta Oscar a 1950. A 1952 masu sharhi da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka sa shi a kan gaba cikin finafinan duniya. Satyajit Ray, wanda daga baya ya zama shahararren darakta, ya gan shi a Landan a 1950 ya koma Indiya da niyyar yin fim da mutanen gari a wuraren gaske. Mai kallon Borom Sarret na darakta Ousmane Sembène ɗan Senegal, labarin mai amalanken da aka ƙwace wa amalanke a Dakar, zai ga dangantakar. Ƙasar da ta fito daga mulkin Mussolini da kunyar yaƙi ta sami girman da jakadunta ba su samo mata ba.

Batun ƙarya kuma, majalisar dokokin Italiya da kanta ta raba gardama. Kwamitin binciken talauci da ta kafa a 1951 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan ƙasar suna cikin ƙangin talauci ko dab da shi. A Janairun 1951, a titin Savoia na Rum, mata kusan 200 suka yi layi a kan matakalar wani bene saboda tallan gurbi ɗaya na mai buga tafireta. Matakalar ta rufta, mace ɗaya ta mutu, fiye da 70 suka ji rauni. Darakta Giuseppe De Santis ya mayar da abin fim a 1952, Roma ore 11, bayan Elio Petri, yana matashin ɗan jarida, ya bi matan gida-gida ya ji ta bakinsu. Ba marubuci ne ya ƙirƙiro matakalar ba. Ita gwamnatin ma ta san haka, shi ya sa a Fabrairun 1949 ta kafa shirin gina gidaje na INA-Casa, wanda dokarsa ta ce a fili an yi shi ne don ƙara wa ma'aikata aikin yi. Ana amincewa da ciwon a majalisa, ana jin haushin wanda ya nuna shi a silima.

Duk inda hukuma take tallafa wa fim ko take tace shi, har da nan wajenmu inda maganar tona asirin gida ba baƙuwa ba ce, abin da za a ɗauka daga Italiya na tsari ne. Tallafin da ake lissafawa da kuɗin ƙofa ko da kuɗin da aka kashe a cikin ƙasa ba ya tambayar ra'ayin fim, don haka ba ya zama linzami. Wanda kwamiti ke bayarwa bisa ganin dama yana zama linzami, sai in 'yan kwamitin ba mai mulki ne ke naɗa su yana sauke su ba, suna rubuta dalilinsu, kuma ana iya ƙalubalantarsu a kotu. Ofishin da ke ba da rance bai kamata ya zama shi ne ke ba da izinin nunawa ba. Kare yara da iyakance shekarun masu kallo aiki ne na halal, kuma ana yinsa a kan fim ɗin da aka gama. Karanta labari tun yana takarda don a auna ko zai kunyata masu mulki wani abu ne daban, ko da wane suna aka ba shi.

Italiya ba ta soke ikon gwamnati na hana fim ko yanke shi ba sai a Afrilun 2021, lokacin da ministan al'adu Dario Franceschini ya sa hannu a kan dokar da ta bar wa masu fim su rarraba finafinansu bisa shekarun masu kallo, kwamiti ya duba. An adana takardun finafinan da aka hana da waɗanda aka yanke, ana iya ƙirga su. Waɗanda suka mutu a matakin neman kuɗi ba sa cikin wannan ƙidaya. De Santis ya shirya fim a kan manoman Calabria da gwagwarmayarsu ta neman gona, irin wadda ta kai ga harbin Melissa, kuma ba a taɓa ɗaukarsa ba.